Ƙugiya Ɗaya a Layi na Tara

Talata, 3 ga wata

Zuwa ga taubashina Noti,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, da fatan teku bai cinye ka ba, kuma ciwon bayan nan ya sassauta. Mu nan lafiya lau, gwiwata ta hagu ce kawai take tsegumi idan na hau bene. Ranar Asabar na je duba Goggo, mahaifiyarka. Idon ya washe, har ta gane ni tun daga ƙofa ta ce na yi ƙiba. Ta ce in gaya maka, wanda ya zaɓi zama a kan tulin ƙarfen haƙar mai a tsakiyar ruwa, inda waya ba ta shiga sai wasiƙa kwana goma-goma, shi ya san abin da ya gudo wa.

Kwalin ya iso. Na buɗe shi a kan teburin ɗakin karatuna na tarar da kwamfutar, da faifai biyu naɗe cikin tsohuwar rigarka ta aiki, da filashi, da takardar umarni mai layi goma sha biyu. Na yi ta zagaya teburin kamar kazar da ƙwai ya matsa wa. Allah ya yi maka albarka, wannan da gaske nake.

Ka san abin da ke cikin tsohuwar kwamfutata. Shekara goma sha huɗu ina bin masu sana'a da kyamara da rikoda, maƙera da majema da masu gyaran agogo da masu ɗaurin littafi, ina karɓar kalmomin aikinsu daga bakinsu kafin su tafi da su. Mutum sittin da uku. Arba'in da ɗaya daga ciki sun riga mu gidan gaskiya. Ƙamus ɗin da nake rubutawa a kan muryoyinsu yake tsaye, babu su a ko'ina sai cikin wannan tsohuwar. Ita kuwa, idan na ce ta buɗe bidiyo ɗaya, sai in ɗora ruwa ya tafasa, in sha shayi, in dawo in tarar tana nan tana tunani.

Yanzu gyara zama, ga faɗa. Shekara ashirin da shida ina gyaran rubutu a maɗaba'a. Na gyara wa malaman jami'a, na gyara wa lauyoyi, na gyara wa masu rubuta wasiƙar soyayya su kira ta littafi, ban taɓa ganin takardar da aka yi wa kisan gilla kamar taka ba. Babu ƙugiya ko ɗaya daga sama har ƙasa. Za ka ce madannan ofishinku ba su da ƙ da ɗ da ɓ. Hannunka ma ba shi da su? Ga kuma manna kalmomi kamar wanda ake biya ya yi tattalin fili. Na ɗauki jan biro na bi ta layi-layi. Dubi layi na tara, harafi da harafi yadda ka buga shi:

"Tsarin ratsi zai sa na'urar gudu, zai bata fili ninki biyu, kuma ko faifai daya ne ya mutu zai bata komai."

"Bata" har sau biyu a jimla ɗaya. Kalma biyu ce, Noti: ba, sannan ta. Na tsaga maka su duka biyun da jan layi. Amma da na gyara sai jimlar ta yi min daɗi. Gudu, ga fili, kuma ko faifai ɗaya ya mutu tsarin zai ba ta komai nata. Ni abin da nake nema ke nan, in daina tashi da fargaba.

Na gane bayanin ratsin. Manhaja ce ke gutsuttsura kowane fayil, wannan gutsure ta ajiye a faifan farko, na gaba a na biyu, su yi aiki tare kamar mutum biyu masu sauke bulo daga mota. Yadda zai dawo da komai bayan ɗaya ya faɗi ne ban gane ba. To amma yadda jirgin sama yake tashi ma ban gane ba, kuma na hau.

Ga kwafin takardarka nan na mayar maka da gyarana, ka yi karatu. Ranar Lahadi zan fara.

Yayarka,
Jan Biro

*

Alhamis, 12 ga wata

Noti,

Assalamu alaikum. Da fatan kana lafiya, ko da yake ba ni da hanyar sani tunda ba ka amsa ba. Gwiwa ta yi shiru, ina jin ta manta da ni don kwana huɗu ban sauko daga bene ba sai cin abinci. Goggo tana gaishe ka.

Kwamfutar ta tashi. Ni da hannuna na tashe ta, kuma sai ka ji duk yadda aka yi ko ba ka so.

Lahadi da hantsi na kwance notuna huɗu na murfin, kuma duk sun ɗauru daga baya, naka ne kawai aka rasa mai ɗaure shi. Na zura faifan biyu, kowanne da wayarsa biyu. Na soka filashin, na kunna, na yi ta danna maɓallin da ka ce har jerin ya fito. Mai girka babbar manhajar ya tambaye ni ko ya shirya faifan da kansa ko zan yi da hannu. Na ce da hannu, kamar yadda layi na huɗu ya ce, kuma kamar yadda nake yin komai.

A faifan farko na yanki ɗan ƙaramin yanki saboda wannan 'yar manhajar da ke fara tashi ta tayar da babbar. Kai ka ba ta wani suna mai tsawo, ni zakara nake ce mata. Ka ce zakara bai iya karanta ratsi ba, dole ya kwana a waje, to na gina masa akurkinsa. A faifai na biyu ma na yanki daidai wannan, don ragowar su zo kai ɗaya. Sai na yi wa manyan yankunan biyu alama cewa na haɗi ne. Ya tambaye ni mataki: sifili, ko ɗaya, ko wasu can. Tun da uwata ta haife ni ban taɓa zaɓar sifili da hannuna ba sai ran nan.

Ina dannawa sai ga faifai na uku ya bayyana a allo, girmansa girman biyun a haɗe. Wallahi sai da na sunkuya na leƙa cikin akwatin in tabbatar biyu na saka. Faifai ne da babu shi a duniya sai a tunanin manhaja, kuma a kansa na zuba babbar manhajar, minti goma sha ɗaya ta gama shiga. Na yi dariya ni kaɗai a ɗaki.

Sai na zare filashin na sake kunnawa. Baƙin allo, da wani ɗan farin layi a kusurwa yana min ƙifce. Na jira. Na kashe na kunna. Yana nan yana ƙifce. Na zage ka, na zagi kakanninka, sai da na yi nisa na tuna rabinsu nawa ne. Na koma takardarka, layi na bakwai: a ɗora zakara a kan faifan farko shi kansa, ba a kan na haɗin ba. Ni kuwa sabon faifan ya burge ni, shi na nuna masa. Kuskurena ne, kuma kada kunnenka ya saba da jin haka. Na sake daga farko, wannan karon ban ko duba takarda ba. Na kunna, kafin in gyara zaman tabarau ta buɗe tana jirana.

Yini ɗaya da rabi aka yi ana kwaso kaya daga tsohuwar ta waya. Da aka gama na buɗe bidiyon tsohon majemin nan, wanda a da nake shan shayi kafin ya fito. Ban ɗaga yatsa daga linzami ba ya fara magana. Na buɗe shida a lokaci ɗaya, don mugunta kawai, dukansu suna ta surutu a ɗakina kamar ranar kasuwa. Aikin da na yi a kwana huɗun nan ya fi na wata guda. Ina ja baya, ina tsayar da baki a kan kalma, ina ji sau goma ba tare da na roƙi kowa ba. Har na gano shekara tara ina rubuta wata kalmar maƙera ba daidai ba, dogon wasali ne ashe.

Ɗaya daga faifan yakan yi ɗan ƙas-ƙas jefi-jefi, kamar agogon bango. Ya zama min abokin hira.

Tsohuwar kuma ta samu gidan zuwa. Maƙwabciyata mai kemis ta daɗe tana son abin da za ta riƙa rubuta sunayen magunguna. Jibi Asabar zan ba ta. Zan goge faifanta tas, irin gogewar da ka taɓa koya min wadda ake rubuta shirme a kan komai, don mutanen nan ni suka yarda da ni, ba zan bar fuskokinsu suna yawo a kanti ba. Tunda layi na tara ya tsaya min, ban ga amfanin tara tsofaffin ƙarafa ba.

Tun jiya wata doguwar lamba take ta kirana. 'Yan damfara sun samu sabon salo. Na kife wayar a cikin durowa.

Yayarka da ta zama injiniya ba tare da ta bar gida ba,
Jan Biro

*

Laraba, 11 ga wata

Yaya Jan Biro,

Assalamu alaikum. Ina lafiya, bayan ya yi sauƙi, a gaishe min da Inna. Ki yi haƙuri da gajeriyar gaisuwa. Iska ta hana jirgin kaya zuwa, wasiƙarki ta ranar uku sai yau ta shigo hannuna. Da biro nake rubuta wannan, ki duba, kowace ƙugiya tana wurinta.

Layi na tara. "Bata" na farko kin gyara shi daidai. Na biyun ba tsagawa yake so ba, ƙugiya yake so. Zai ɓata komai. Ɓ, Yaya, mai lanƙwasa a ka.

Ki ɗauki littafi, ki yayyage shi, shafi ɗaya ki ba ni, na gaba ki riƙe, har ƙarshe. Idan na faɗa teku da nawa, abin da ke hannunki ba littafi ba ne. Ratsi ke nan. Babu kwafi a cikinsa ko kaɗan, kuma faifai biyu na nufin ƙofa biyu da asara za ta iya shigowa. Abin da kike tsammani sunansa madubi, shi ne mataki na ɗaya, inda kowane faifai yake riƙe da komai. Na zaɓa miki ratsi don kukan da kike yi na rashin gudu, a zatona tsohuwar kwamfutar za ta zauna a matsayin ajiya. Ban rubuta hakan ba. Laifina ne.

Akwai kuma abin da ban gaya miki ba. Faifai ɗaya sabo ne. Ɗayan ya yi shekara huɗu yana aiki a ɗakin na'urorinmu kafin a sauya shi a ba ni. Na gwada shi ya nuna lafiya, amma tsoho ne. Idan kika ji yana ƙas-ƙas, ki bar duk abin da kike yi ki kwafe kayanki zuwa wani wuri.

Kada ki goge tsohuwar kwamfutar. Kada ki bayar da ita. Kada ki ma matsar da ita daga inda take.

Na roƙi shugabanmu layin ofis, wanda ba a yarda a kira gida da shi ba, na kira ki sau biyar. Doguwar lamba ce. Don Allah ki ɗauka.

Idan kin gama da ni, ki rage wa Inna abin da za ta binne.

Ƙaninki,
Noti

*

Litinin, 16 ga wata

Noti,

Assalamu alaikum. Kada ka tambayi lafiyata.

Wasiƙarka ta iso yau da ƙarfe takwas. Na goge tsohuwar shekaranjiya. Sau uku na sa ta bi kan faifan, don ni ba na aikin rabi da rabi. Mai kemis har ta kai harafin M a jerin magungunanta.

Na karanta ta a tsaye a bakin ƙofa. Ina da maganganu game da kai da madannan ofishinku da tsohon faifan da ka naɗe min cikin riga kamar kyautar arziki, kuma za ka ji su ɗaya bayan ɗaya ranar da ka taka ƙasa. Amma na ɗauko takardarka na sake duba layin. Da mai koyon karatu aka ba, da ya tsaya ya ce wannan wace kalma ce. Ni da na sani, ban tsaya ba. Na ga kuskure iri ɗaya sau biyu, na yi masa magani ɗaya, har ina jin daɗin hannuna. Littafi nawa na karanta inda girman kai ya kayar da mutum, ban taɓa zaton nawa zai zo a siffar biro ba.

Ban kunna sabuwar kwamfutar ba sai da na je maɗaba'a na aro faifan waje a hannun maigidanmu. Da wannan gwiwar na hau benen da gudu. Yanzu haka tana kwafewa, ina rubuta maka ne don hannuna ya samu abin yi. Ta ce awa tara. Ƙas-ƙas ɗin ya daina zama jefi-jefi.

Rubutun ƙamus ɗin na fara turawa, shi ba shi da nauyi, kafin in ƙifta ya wuce. Sai na ce ta kwashe bidiyoyin duka. Ta fara bin su da jerin haruffa, ta yi biyu, ta tsaya cik na kusan minti ɗaya, ta ci gaba. A wannan mintin na gane ba lallai ta kai ƙarshe ba. Na dakatar da ita. Na zauna ina ware mutane gida biyu, aikin da ba nawa ba: wannan ya rasu, wannan yana nan, wannan ban sani ba amma da na gan shi bara yana tari. Matattu na tura gaba. Masu rai su jira, su ana iya komawa a same su.

Ƙarfe sha biyu ta wuce. Goma sha tara sun haye. Majemin ya haye.

Ta sake tsayawa. Na ɗora tafin hannuna a kan akwatin kamar mai jinya, ina lallashin ƙarfe. Na buɗe taga, na juyo mata da fanka. Ban san ko yana da amfani ba, kada ka gaya min.

Talatin da huɗu. Matar nan mai saƙar igiya, wadda ta rasu mako biyu bayan na ɗauke ta, ta maƙale sau uku kafin ta wuce. Da rai ma haka take, sai an roƙe ta.

Noti, arba'in da ɗaya. Duka sun haye, na buɗe kowanne daga faifan aro na ji muryarsa. Na yi ihu har mai kemis ta leƙo ta taga tana tambaya ko ɓarawo ne. Yanzu masu rai, su ashirin da biyu.

Na dawo. Ƙarfe biyar saura kaɗan. Uku suka wuce. Tana tsakiyar tsohon mai gyaran agogo sai faifan ya yi wata ƙara kamar an taka busasshen ganye, allon ya daskare. Na kashe na kunna. Zakara ya yi cara, babu wanda ya tashi. Mutum goma sha tara sun tafi.

Zan sa wannan a ambulan kafin in fara kuka ko zagi, ban san wanda zai riga zuwa ba.

Jan Biro

*

Lahadi, 22 ga wata

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina lafiya a jiki. Wasiƙunki biyu tare suka zo. Na karanta ta farko har inda kika ce Asabar za ki goge, na ajiye ta, na fita na tsaya ina kallon ruwa. Abokin aikina ne ya buɗe ta biyun ya miƙo min.

Ban san wanda zai yi tunanin tura matattu gaba ba sai ke. Mu da muke wannan aikin kullum, da jerin haruffa za mu bari ta bi.

Ga faifai biyu sababbi, a ledarsu, da takardar madubi da hannuna. Na sa mutum biyu sun karanta ta. Mataccen faifan ki ajiye shi tare da ɗan'uwansa, kada ki sake kunna su. Idan na zo hutu zan gwada, amma kada ki sa rai. Ki yafe min.

Noti

*

Asabar, 28 ga wata

Taubashina Noti,

Assalamu alaikum. Ina lafiya, gwiwa ta kumbura amma da dalili. Goggo ta ce ka daina tsayuwa a bakin ruwa. Na yafe maka rabi, sauran sai na ga fuskarka.

Madubi ya tashi tun Alhamis. Awa ɗaya ban cika ba, kuma na ɗora zakara a kan faifan biyu kamar yadda ka ce. Ba ta gudu kamar da. Ina kewar gudun nan, ba zan ɓoye maka ba, kwana takwas na yi ina tuƙa abin da ba shi da birki kuma na ji daɗinsa.

Amma ba wannan ne labarin ba. Jiya na je wurin mai gyaran agogo. Yana nan a rumfarsa ƙarƙashin matakalar nan, da gilashinsa a ido ɗaya. Na gaya masa abin da ya faru, kaina a ƙasa. Ya yi dariya har gilashin ya faɗo.

"Gara da ya ɓace, 'yata," in ji shi. "Ai wancan karon ban gaya miki komai ba."

Na ce, "Baba, awa uku muka yi."

"Awa uku ina gaya miki abin da ake gaya wa mai kawo gyara. Na san ki ne? Mace da kyamara ta faɗo min rumfa da tsakar rana. Yanzu kuwa shekara bakwai kina gaishe ni, kuma babu wanda zai gaji bencin nan. Kunna abin naki."

Siririn ƙarfen nan mai naɗewa a cikin agogo, wanda a da ya ce min sunansa sifirin, ashe a bencin maigidansa gashin baƙo suke ce masa, don ba a taɓa shi da hannu. Agogon da aka kawo sau uku da ciwo ɗaya suna da sunansa. Mai agogon da ke tsaye a kanka yana kallo ma suna da sunansa, kuma ba zai shiga ƙamus ba. Kalma talatin da bakwai na fito da su da ban taɓa ji ba. Na dawo gida a ƙafa ban ma sani ba.

Saura goma sha takwas. Na jera su da shekaru, mafi tsufa a sama. Wa ya san nawa ne a cikinsu suka yi min irin ta Baba.

Ta farko a jerin ita ce tsohuwar mai ɗaurin littafi. Na je gidanta aka ce tana asibiti tun makon jiya. 'Yarta ta ce ba ta iya zama, amma bakin yana nan, har ma'aikatan jinya take wa faɗa. An ce in zo gobe ƙarfe tara, bayan likita ya zagaya. Na yi cajin rikoda biyu.

Yayarka,
Jan Biro